Fatar Ganga

Ranar Alhamis ce, kasuwar Shinkafi ta watse. Motocin Kaura da na Sakkwato sun kama hanya tun rana na tsaka, don yanzu ba direban da ke yarda la'asar sakaliya ta riske shi a daji. Ina zaune bisa dakali bayan isha'i sai hasken mota ya cika lungunmu, yara na bin ta a guje. Wanda ya fito daga gidan baya ɗan ƙanwata ne, yaron da na riƙe tun yana aji uku na firamare har ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura Namoda, ya dawo gida ya kama koyarwa.

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Direban ya samu gefen dakali ya raɓe. Da aka gama tambayar mutanen gida, ya ce, "Kawu, albarka niz zo nema. Allah ya kawo wanda za shi ɗaukar nauyin tahiyar."

Na san tafiyar. Shekara biyu ke nan samarin mazaɓarmu na matsa masa ya nemi kujerar majalisar jiha, kuma suna da hujja. Yaron yana da baki, bakin kuma abu uku ya riƙe, a majalisar shayi ne ko a Facebook ko wurin ɗaurin aure. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi. Gonakin da suka koma saura saboda ɓarayin daji, da harajin da suke ɗora wa ƙauyuka kafin shuka da kafin girbi. Sai takin da ake shelar an kawo wa manoma da rangwame, a wayi gari a gan shi jibge a shaguna da tsada. Na ukun nan ya fi ci masa rai, domin ya ga shekarar da ubansa ya sayar da ragon layya ya sayi buhu ɗaya. Duk Alhamis sai ya shiga kasuwa da ƙafarsa ya tambayo farashi ya rubuta.

Ya miƙo mini takarda, jawabin da zai karanta ranar ƙaddamar da takara. Ya ce wasu yara masu ilimi aka sa suka gyara masa a Gusau. Na haska tocila. Hanya tana nan, har da ƙarin ado. Maganar daji ta koma layi ɗaya: za a ci gaba da addu'a, a ba jami'an tsaro haɗin kai. Taki kuwa na bi takardar daga sama har ƙasa sau biyu ban same shi ba. A gurbinsa akwai tallafa wa 'yan kasuwa da ƙarfafa matasa. Na tambayi wane ne mai ɗaukar nauyin, ya faɗa mini. Attajiri ne, yana kwangila, yana da rumbunan hatsi da shagunan taki. Ban san shi da mugun hali ba. Ya gina masallaci, da azumi yana raba gero.

Ban ce uffan a kan takardar ba. Ba a yi wa mai iyali faɗa a gaban direba, balle direban ba nasa ba. Na sa aka kawo fura, na ce, "Ɗana, an taɓa ba ka labarin mai shelar garin kakanninka?" Ya ce a'a. Na ce to gyara zama.

Zamanin gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, ƙasar nan ta juya ga gyaɗa da auduga. Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma ke jerin gwano zuwa tasha, kamfanonin Turawa na saye ta hannun dillalai, kowane dillali da sikelinsa a ƙauyen da ya kama. A wani ƙauye bakin gulbi, tsakanin nan da Kaura, akwai mai shela da ya gaji sana'ar daga ubansa. In an ji gangarsa, mace ta ajiye taɓarya, namiji ya jingine fartanya, a taru a ji abin da ke tafe. Abin da ake kira gangami ke nan tun asali, kafin 'yan siyasa su ari sunan.

Icen gangar gadon gidansu ne, amma fatar ta gari ce. In ta fashe, Sarkin Fawa ya ba da fatar akuya, majemi ya jeme, baduku ya ɗaure, ba mai karɓar ko anini. Da kaka kuma kowane gida ya kai masa damin gero, mai hali da marar hali, kowa gwargwadon abin da ya iya ɗaurewa. Saboda haka babu wanda bai isa ya tsayar da shi a hanya ba. Matar da akuyarta ta ɓata sai ta ce, "Kai, zo ka yi mani cigiya," ya yi. Ranar da shanun Maigari suka shiga gonar wani talaka, shi ya buga ya faɗa, da sunan mai shanun, Maigari na zaure yana ji. Maigari bai iya yi masa komai ba, don daminsa guda ne cikin dammuna ɗari biyu.

Sai wata shekara ruwa ya ɗauke gero na bununi. Aka yi kaka ba kaka ba, cikin wannan hali kuma fatar ta tsage. Sarkin Fawa ya yi mako uku bai yi yanka ba, masu kai dami su ma rance suke nema. Mai shela ya rataye icen ganga a ɗaki, yana fita da baki kawai, muryarsa ba ta wuce lungu biyu. Mutum ne mai son sana'arsa, abin ya yi masa ciwo kamar an ɗaure masa harshe.

Rannan dillalin garin, wanda ake ce wa Mai Sikeli, ya aika a kira shi. Ya ɗauko fatar jar akuya, jemammiya, mai laushi kamar ƙyalle, ya ɗora sule biyar a kai. Ya ce, "Wanga ba bashi ba na. Gari ba ya kyau ba ganga." Bai nemi komai ba, ko a fuska. Aka ɗaure fatar aka buga, sai da mutanen ƙetaren gulbi suka ji. Gangar ba ta taɓa zaƙi irin na ran nan ba.

Da farko abin da ya ƙaru kaɗan ne. In ya gama shela sai ya ce, "Alhaji na gaishe ku, sikeli na nan buɗe." Ba wanda ya sa shi, godiya ce, ɗan halak kuwa ba ya rasa ta. Da sallah riga ta zo. Shekara ta kewayo aka kawo masa keke, ya riƙa kaiwa har Moriki da Kasuwar Daji da nan Shinkafi, sunansa ya fita. Tuwon dare kuma ya koma zauren Mai Sikeli, a nan karatun ya fara, ba allo ba malami. In ya kawo labarin ɓarawon kaji ko rikicin kishiyoyi, Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, a ƙara masa nama. In hira ta gangaro kan awo, ko bashin da ake ba manoma da bazara a karɓi ninki da kaka, Alhaji ba ya ɓata rai, ba ya musu. Shiru kawai yake yi, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha, zauren ya yi tsit har sai wani ya kawo wata magana. Shekara biyu mai shela na cin tuwo tsakanin dariyar nan da shirun nan. Harshensa ya gane hanya da kansa, kamar jakin da ya san gida.

Ana nan sai wani saurayi mai taurin kai ya fasa sayar da gyaɗarsa bayan an auna. Ya ɗora ta a jaki har Kaura, aka sake aunawa a tasha, ya ga bambancin da ya zaunar da shi a ƙasa. Ya dawo ya faɗa wa dattawa. Aka gwada buhu na biyu da na uku, abin bai canza ba: sikelin garin yana cin abin da ya kai mudu huɗu a kowane buhu. Dattawa suka je gidan mai shela da dare, suka ce ya buga da asuba, ya ce kada kowa ya kai gyaɗa sai an zo an duba sikelin.

Bai ƙi ba. Da ya ƙi ma da ya fi, a san inda aka kwana, a nemi wani. Ya ce to. Ya kwana yana juyi, riga na rataye a ƙusa, keke na jingine a bango. Da asuba ya fito ya buga, gari ya taru. Ya ce dattawa na gaishe da kowa, sun ce kaka ta yi, kowa ya kula da awonsa, mai saye da mai sayarwa duk su ji tsoron Allah, domin tauye mudu halaka ne. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, liman ma sai da ya yaba. Kalma ɗaya ce ba ta fito ba, sikeli. Jama'a suka ce Allah ya sa mu dace, kowa ya koma gida ya ɗauko buhunsa ya kai inda ya saba kaiwa.

Ɗan ƙanwata ya ajiye ludayi. Ya ce, "Amma Kawu, da bai amshi fatar ba, ai da gangar ta mutu gaba ɗai."

Na ce, "Gaskiyarka."

Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Ni dai Alhaji bai taɓa ce mani in cire komi ba."

Na ce, "Ni ban ambaci Alhajinka ba. Labarin gyaɗa ni ka ba ka. Sha hurarka."

Da gaske nake da na ce gaskiyarsa. Wanda duk ya ce yaron nan ya shiga takara da albashin koyarwa bai san kuɗin fata a yau ba. A 2022, fom ɗin neman kujerar majalisar jiha kaɗai naira miliyan 2 ne a APC, dubu 600 a PDP. Na gwamna a APC miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. Wannan kuɗin sallama ne kawai. Bayansa akwai daliget da ba sa amsawa sai sun ga abin da ake kira kayan aiki, akwai fasta, da man motoci, da filin rediyo, da mawaƙi, da ejan a kowace rumfa ranar zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce mai neman majalisar jiha kada ya kashe fiye da miliyan 30. Ita dai wannan dokar ta yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawa har miliyan 50, alhali ta 2010 miliyan 1 ta ƙayyade. A haɗa lissafin a gani. Attajiri guda yana iya sayen fata da ice da makaɗi, ya biya mai bugawa, bai taka doka ba, har da canji a aljihunsa.

Can sama kuwa ba a ma ɓoyewa. A Disambar 2014, a liyafar dare ɗaya a fadar shugaban ƙasa, aka sanar da gudummawar sama da naira biliyan 21 ga PDP a gaban kyamara, lokacin da doka ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya wuce biliyan 1. Mu mutanen Shinkafi kuma ba baƙin wannan zance ba ne. A 1992 Marafan Sakkwato, Alhaji Umaru Ali Shinkafi, shi da Adamu Ciroma ke kan gaba a neman tikitin NRC, sai gwamnatin Babangida ta soke zaɓen fid da gwanin duka jam'iyyu biyu na lokacin, ta ce kuɗi da maguɗi sun ɓata shi, ta hana 'yan takarar duka sake tsayawa. Da aka sake lale, waɗanda suka fito a 1993, Abiola da Bashir Tofa, dukansu manyan attajirai ne.

Yaron ya ce ko Amurka haka ake yi. Haka ne. Tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 2010 da ya ba kamfanoni da ƙungiyoyi damar kashe abin da suka ga dama wajen tallata ɗan takara, abin sai gaba yake yi. A 2024 Elon Musk shi kaɗai ya zuba sama da dala miliyan 250 don tallafa wa Trump da jam'iyyarsa. Na ce masa na ji, amma labarina bai ƙare ba.

Samarin garin suka fusata. Suka samo wani yaro mai murya, suka haɗa masa 'yar kurya, ya riƙa bin lungu yana kiran sikeli da sunansa. Mutane suka fara riƙe gyaɗarsu, kowa ya zuba ido ya ga abin da Mai Sikeli zai yi. Bai kai ƙara wurin Maigari ba, bai turo 'yan doka ba. Ya bari har matar yaron ta haihu, ranar suna sai ga rago an jawo daga gidan Alhaji, da turmin atamfa, da gaisuwa. Wa ke mayar da ragon suna? Baki ya ci, ido ya ji kunya.

Daga nan garin ya samu masu shela biyu, kuma ba a taɓa jin shela mai zafi irin ta lokacin ba. Safe da yamma suna gugar zana. Wannan ya ce wancan haye ya yi ba gado ba, wancan ya ce wannan ya tsufa muryarsa ta mutu. Aka tono asali, har na iyaye mata. Gari ya rabu biyu, 'yan ganga da 'yan kurya, aure ya mutu a kai, aka fasa wa wani kai a bakin rijiya. Duk wanda ya buga a cikinsu, yaran Alhaji na biye suna watsa goro da kwabbai, yara da manya na wawa. Sikeli na nan gindin durumi, ba mai ko kallonsa, yana cin mudunsa huɗu.

In na kunna rediyo da dare na ji sojojin baka na wannan ɓangare da na wancan suna yanka juna, abin da nake kasa wa kunne shi ne wanda dukansu suka haɗu suka tsallake. A jihar nan mun ga gwamna ya hau da masara ya sauka da lema, mun ga wani ya hau da lema a 2019 ya koma tsintsiya a 2021. Alama na canzawa a jikin fasta, amma mai kuɗi mai wayo kowane gida yana da ragon sunan da ya aika. In kuma manya suka saɓa tsakaninsu, talaka ke kwana a ciki. A 2018 jagororin APC na Zamfara suka kasa daidaitawa kan 'yan takara. Aka yi kamfe, aka kashe abin da aka kashe, mutane suka fito layi cikin fargabar daji suka ba ɗan takararta na gwamna ƙuri'a sama da dubu 500. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta duka suka tashi a banza, daga na gwamna har na majalisar jiha. Mai ƙuri'a a Kware ko Badarawa a rediyo ya ji labari.

Shekaru suka tura. Tsohon mai shela yana da ƙane, manomi, wanda bashin bazara ya ci gonarsa ta gado, Mai Sikeli ya karɓe ta a gaban shaidu. Ƙanen ya tattara iyalinsa ya bar garin, ko sallama bai yi wa wansa ba. Wannan ya karya wa tsohon zuciya. Washegari ya fito da asuba ya buga, hannunsa na rawa, ya faɗi kalmar da ya shekara goma sha yana haɗiyewa. Ya faɗe ta sau uku.

Hantsi bai yi ba yaron Alhaji ya yi sallama cikin ladabi. Ya ce Alhaji ya ji gangar yau kamar ta yi sanyi, a ba da ita a sake fata, keken ma a kawo a duba masa taya. Bayan kwana biyu aka dawo da icen ganga tsirara. Keken ba a sake ganinsa ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ba a dai cika faɗin abin da ke samun wanzamin da ya ajiye aska aski ya kai rabi ba. Mutanen Anambra sun gani a Yulin 2003, ranar da 'yan sanda suka ɗauke gwamna mai ci, Chris Ngige, bayan ya saɓa da ubangidansa Chris Uba. Mutanen Oyo sun gani a Janairun 2006, da aka tsige Rashidi Ladoja bayan ya ɓata da Lamidi Adedibu, sai ƙarshen shekarar kotu ta maido shi. Waɗannan gwamnoni ne masu jiniya. Ina ga ɗan majalisar jiha?

Amma ba nan ne ya fi ba ni tausayi a labarin ba. Da na iso wurin sai da na sassauta murya.

Tsohon ya rasu ba ganga. Ɗansa ya ɗauki icen ya ce zai yi yadda kakanni suka yi, ya bi gida gida neman fata da dami. Gidan farko aka yi masa dariya. Gida na biyu maigidan ya ce, "Kai za mu ba? Mi kaz zo muna da shi?" Na uku suka ce ya je wurin Alhaji mana. Yaran da aka haifa cikin shekarun nan ba su taɓa ganin an kai wa mai shela dami ba, abin da suka sani, in an buga ganga a fito a tsinci goro. Mutanen da dā suke ciyar da mai shela su aike shi, sun koma masu jiran a biya su ladan saurare.

Wannan ɓangaren namu ne, mu masu zaɓe. Iyayenmu sun ga wata siyasa. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai ne suka riƙe ta, mutum ya yanki katin jam'iyya da kwabonsa, ya sha ɗauri a kanta, ya fito ya ci gaba. Shi ya sa Malam Aminu Kano ya iya kiran zalunci da sunansa a gaban masu yinsa, shi ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali tun farkon hawansu. Yau in ɗan takara ya shigo unguwa, tambayarmu ta farko me ya zo da shi. Taliya, sabulu, atamfa, 'yan dubbai a ambulan. Ban ga laifin mai jin yunwa ba, wanda ya bar gonarsa a daji, wanda ya ga Satumbar 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a jihar nan. Amma taliyar nan wani ne ya saya, ba ɗan takarar ba, kuma mai sayen ya san layin da yake so a tsallake a jawabi.

Gida na arba'in da wani abu, wata tsohuwa ta kira ɗan mai shelar nan ciki. Ita ce wadda ubansa ya taɓa yi wa cigiyar akuya, yanzu ta tsufa tukuf. Ta auno masa gero tiya ɗaya daga ɗan abin da ya rage mata. Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ce, "Dakata. Wanga bashi na. In ka ɗaure ganga, ni ad da shelar hwarko." Ɗan Sarkin Fawa ya ji labari, kunya ta kama shi, ya ba da fatar wani ɗan akuya mai huji a gefe, baduku ya ɗinke hujin. Da aka buga, sautin siriri ne, bai ƙetare gulbi ba, da ƙyar ya kai bakin kasuwa. Yaron ya je gindin durumi ya tsaya dab da sikelin, ya yi shelar tsohuwa.

Na yi shiru a nan. Ɗan ƙanwata ya ce, "To, an gyara sikelin?"

Na ce ba a gyara ba, gyaɗar ce ta riga shi mutuwa. Farin 1973 ya zo, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dillalai suka watse, sikelin ya yi tsatsa a inda yake. Yaron bai yi keke ba har ya tsufa, rigarsa ta sallah ɗaya ce. Amma dammuna sun dawo, bakwai a shekarar farko, sannan ashirin, kuma in ya buga, mace na ajiye taɓarya.

Wayar ɗan ƙanwata ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa, ya koma bayan mota. Ina hango shi yana rusunawa shi kaɗai cikin duhu, "Ranka shi daɗe, to, to, in sha Allahu." Na san yaron nan tun bai iya ɗaura wando ba, ban taɓa ganin ya rusuna wa waya ba. Wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Da ya dawo ya zauna, ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo, ko da yake ba haske. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Nawa buhun taki yak kai yau kasuwa?" Shi da ke faɗa mana duk Alhamis. Kafin in buɗe baki direban ya amsa daga gefen dakali, bai ɗago kai ba. Ya faɗi na yau, ya faɗi na makon jiya, ya ce shi ma rabin buhu ya iya saye bana, sauran gonar haka ya bar ta.

Na shiga ciki na buɗe akwati, na ƙirgo abin da ya sawwaƙa daga kuɗin fanshona, na naɗe a takarda na kawo masa. Ya ja da baya. "Haba Kawu, ai an ɗauki nauyin komi."

Na ce, "Amshi. Wanga bashi na."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya haɗa da jawabin ya sa a aljihun gaba. Direban ya tayar da mota, suka fita lungun a hankali saboda yaran da suka yi barci bisa tabarmi a ƙofar gidaje.